Ranar da Motar Masallaci Ta Ƙi Kawo Wuta

Kwanakin baya aka yi rasuwa a layinmu nan Mamobi, cikin birnin Ankara, wani dattijo mai sayar da tabarmi da dardumar salla. Na sa hula, na ɗauki sandata, na lallaɓa gidan don in samu jana'iza. Sai na tarar da ƙofar shiru, an jera benci a waje ba kowa a kai sai wani saurayi yana latsa waya. Na ce masa, "Samari, yaushe za a yi sutura?" Ko ɗago kai bai yi sosai ba ya ce, "Baba, an kai shi firiji. Ana jiran ɗansa, yana hanya daga Turai." Wallahi sai da na nemi benci na zauna. Ba wai ban taɓa jin irin wannan ba, na ji, amma ban zaci zan rayu in ji ta a bakin ɗan Zango, unguwarmu ta Musulmi, ba, a faɗe ta a sauƙaƙe kamar ana zancen kifin da aka ajiye don miyar gobe. Ni ma 'ya'yana suna can ƙetare, kuma jikin nan kullum faɗa mini yake tafiya ta matso. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba, kuma duk inda na juya sai ranar rasuwar mahaifina ta tare ni.

Unguwar Nima da muka tashi a ciki ba wannan ba ce mai benaye da shagunan gilashi. Gidajen kwano ne da katako, manne da juna, lungu kuma in mutum biyu sun haɗu sai ɗaya ya karkace. Kafin gari ya waye za ka ji ladanai suna karɓeɓeniya daga wannan masallaci zuwa wancan, sai ƙarar matankaɗin masu koko, sai ƙosai yana cuwa a cikin mai, sai kuma bokitai suna gwaruwa a layin famfo. Kai, ruwa! Yaran yanzu da ke sayen na leda su sha rabi su yar da rabi ba su san abin da ruwa yake ba. Famfo ɗaya ne ga unguwa guda, ya kawo yau ya ɗauke gobe, a yi ta faɗa a kansa da Hausa da Ga da Tuwi da Zabarmanci har a manta da wanda ya fara. In ka ga mutum ya ba ka bokitin ruwa kyauta a lokacin nan, to ka san yana ƙaunarka.

Ni fita ne, abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira bakanike. A ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya kusa da babbar kwata na koyi aikin, wurin wani maigida mai zafin rai wanda sifana ke riga bakinsa magana. Amma ya san mota, Allah ya jiƙansa. Yakan ce, "Mota abu uku take so: mai, iska, wuta. In ta ƙi tashi, ɗayansu ne ya yi yaji, ka nemo wanne." Game da wuta kuwa cewa yake tana da hanya kamar ta zumunci. Daga batir take fita ta je kwayil, kwayil ya ƙara mata ƙarfi ya miƙa wa distiributa, shi kuma ya raba ta ga fulogai ɗaya bayan ɗaya. "Bi ta gida-gida," in ji shi, "ka ga gidan da ta shiga ba ta fito ba." Da kunne muke aiki, da hanci, da fatar hannu. Yanzu in mota ta ƙi tashi sai yaro ya zo da wata na'ura ya jona mata, ya tsaya yana karatu kamar likita, in na'urar ba ta faɗa masa ba shi ke nan, a kira mai ja. Ban ce ba su iya ba, zamaninsu ne. Amma buɗe gaban motar yanzu ka ga komai a rufe cikin baƙin akwati, ko inda za ka sa yatsa babu.

Mahaifina daga ƙasar Nijar ya zo, ta wajen Tawa, da fataucin albasa, tun ana yin ta a gefen kasuwar Makola kafin cinikin ya koma Agbogbloshie. Shi ya sa Hausarmu a gida ta fi ta abokaina cika, har suna tsokanata wai ina magana kamar rediyo. Mutum ne mai haƙuri, ba ya tsoron asara, ba ya tsoron ɓarawo, abu ɗaya kawai na san yana tsoro. Wata rana mota ta buge wani abokin cinikinsa, aka kira shi ɗakin ajiye gawa ya shaida shi. Da ya dawo bai ci tuwo ba. Ya zauna a bakin ƙofa yana ta jan carbi, can ya ce ya ga mutane a jere tsirara cikin sanyi, an ɗaura wa kowa lamba a yatsan ƙafa, wasu sun yi watanni. Maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Ga da Asantawa haka al'adarsu take, su ajiye mamaci sai an tara dangi an shirya ganguna, kuma Baba bai taɓa zaginsu a kan haka ba, yakan ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma shi kam ba ya so. Daga ranar, ko zazzaɓi ya yi sai ya kira ni ya ce, "Sani, duk ranar da na cika, kada rana ta faɗi ina bisa ƙasa. Kada ku bari a kai ni cikin sanyin nan." Ni kuma in ce, "Haba Baba, wane irin zance ne wannan." Sai ya ce, "Ka dai ji."

Abin da ya sa maganar take da nauyi shi ne gidan da muke haya. Mai gidan wata tsohuwa ce 'yar ƙabilar Ga, Anti Dede, mace mai kirki, mai baki kamar reza. Dokarta ɗaya ce kowa ya sani: gawa ba ta kwana a gidanta. Ba mugunta ba ce. Ɗaki-ɗaki ne cike da mutane da yara, ga zafi, ga 'yan duba-gari da muke kira tankas, waɗanda ko tsutsa suka gani a randa sai sun kai ka kotu. In aka yi rasuwa ba a samu binnewa a ranar ba, sai firiji. Kuma shiga firiji ba wuya, fita ce aiki, wani lokaci har sai an yanka mutum an duba abin da ya kashe shi. Makabartarmu kuwa can take bayan gari, ba tafiyar kafaɗa ba ce, mai gadinta kuma yana rufe ƙofa kafin magariba, masu haƙa su watse. Direbobin tasi da na torotoro, wato ƙananan motocin haya, ba sa ɗaukar gawa, sun ce tana ɓata mota, fasinja su guje ta. Shi ya sa jama'ar masallacinmu suka haɗa hannu suka sayi wata tsohuwar a-kori-kura, aka yi mata rumfar tamfol, aka ajiye ta don wannan aiki kawai. Ni ne direbanta, ni ne fitanta. Na kai mutane da yawa a cikinta, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Baba ya cika da hantsi, lokacin zafin nan da kwanon ɗaki ke ƙara shi kaɗai. Ban tsaya kuka ba. Ina rufe masa ido na fita na je na ɗauko motar, bugu ɗaya ta tashi, na kawo ta bakin lungunmu na ajiye, don ta zama a shirye. Ƙanensa, Kawu Garba, ya tafi neman takardar izinin binnewa, kuma kowa ya san yadda wannan take, ka je nan a ce can, ka je can a ce mai sa hannu ya fita. Sai bayan azahar sosai ya dawo, gumi ya jiƙe masa riga. A Zango in an yi rasuwa ba wanda ke zuwa hannu biyu. Wannan ya kawo alawayyo, wancan ya kawo turare, tela ya ɗinka likkafani bai karɓi komai ba, matasa su tafi makabarta su taya haƙa, mata su ɗora tukunya. Wanda ba shi da komai sai ya nemi wani aiki ya yi da jikinsa, don kada a ce bai yi wa mamaci komai ba. Ni ina ciki wurin wanka tare da Liman, ban san wa ke yin me a waje ba.

Ana idar da la'asar aka yi masa salla a ƙofar masallaci. Aka ɗauko makara aka sa a bayan mota, dattawa suka hau suka zauna gefe da gefe. Na duba rana, na ga da saura, in ba a samu cunkoso ba za mu isa har mu yi addu'a a natse. Na shiga, na yi bisimilla, na murɗa makulli. Injin ya juya, gurr-gurr-gurr, bai kama ba. Na sake. Haka. Na taka totur na sake. Haka dai. Na ce a raina, ke da kika tashi da bugu ɗaya ɗazu, yau ce ranar da za ki yi mini haka?

"A tura ta!" in ji wani. Kafin in yi magana matasa sun sa kafaɗa. Na san batir ba shi da laifi, tunda ga shi yana juya injin da ƙarfinsa, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Suka tura mu gangaren layin, na sa giya na saki kuloci, motar ta yi tsalle ta girgiza, na ji makarar ta motsa a baya, dattawa suka ɗauki salati. Ba ta tashi ba. Sai ma muka tsaya a ƙasan gangare kusa da kwata, inda ba sauran wurin turawa. Na ce su bari hakanan, kada su wahalar mini da uba.

Na fito na ɗaga murfin gaba. Sifanar da nake riƙewa kullum ta zama kamar ta wani. Injin yana ta ƙyalli fes, abin da ya kamata ya tsayar da ni ke nan, don motar nan tun da aka saye ta baƙa ƙirin take, amma hankalina ba ya jikina. Na fara da mai. Na cire murfin kafireta, na ja totur da hannu, na ga mai ya feso, warinsa ya bugi hancina. To ba mai ba ne. Iska kuwa ba abin da ya tare ta. Saura wuta. Na ce wa Kawu Garba ya shiga ya riƙe makulli, in na ce buga ya buga. Na zare wayar fulogi ɗaya na kawo bakinta kusa da ƙarfen injin. "Buga, Kawu!" Ya buga. Ko ƙyas. Na zare ta biyu. Babu. Motar ba ta kawo wuta ko kaɗan.

Mutane sun kewaye ni, kowa ya zama fita. Wannan ya ce batir ne, wancan ya ce a zuba kananzir, wani daga baya ya ce ƙila mamacin ne akwai abin da yake jira, Liman ya juya ya harare shi ya yi shiru. An tura wani ya nemo wata motar, ya dawo yana haki ya ce direbobi biyu ya samu, suna jin gawa ce suka ja motarsu. Daga cikin lungu ina jiyo muryoyin mata, labari ya kai musu, na kuma gane muryar mahaifiyata a ciki. Inuwar masallaci ta riga ta tsallake titi. Kawu Garba ya leƙo ta taga ya ce a hankali, "Sani, gaya mini gaskiya. In ba za ta tashi ba mu san abin yi tun da sauran haske. Ka san Anti Dede ba za ta yarda a mayar da shi ciki ba."

Na ce, "Kawu, ka san abin da ya ce."

Ya ce, "Na sani, ni ma ya faɗa mini. Amma abin da Allah ya ƙaddara..."

Na ce, "Ka dai riƙe makulli."

Tsoro ne ya cika ni, ba zan ɓoye ba. Ina ganin ɗakin sanyin nan da ban taɓa shiga ba, ina ganin yatsan ƙafar Baba. Na tilasta wa kaina na koma kan hanyar wuta. Na zare babbar wayar da ta fito daga kwayil, wadda ke shiga tsakiyar distiributa, na kawo ta kusa da ƙarfe. "Buga!" Tas, tas, tas, tartsatsi shuɗi mai kyau yana tsalle. Alhamdulillahi, kwayil lafiya lau, da shi ne ya mutu da mun shiga uku, don ba inda zan samo wani a wannan lokaci. Wuta tana fitowa daga kwayil, ba ta isa fulogi, ashe a distiributa take maƙalewa. Na ɓalle maƙallansa biyu na ɗaga murfin na juya shi. Sai ga ruwa. Ɗigo-ɗigo a manne a ciki kamar gumi, har wani ya gangaro mini a tafin hannu.

Na ce, "Ruwa? Daga ina? Rabonmu da ruwan sama tun yaushe?" Na ɗaga murya, "Wa ya taɓa motar nan?"

Sai ga wani tsoho ya ratso mutane, yana murza hularsa a hannu. Baba Hima ne, Bazabarme, ɗan dako a kasuwar albasa. Tun ina yaro shi ke sauke wa Baba buhuna, wuyansa har ya karkace saboda kaya. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, a rumfar Baba yake kwana. Hausarsa ba ta taɓa miƙewa ba. Ya ce, "Ni ne. Ni ne wanke." "Kowa kawo abu, ni babu abu. Na ce mota Malam ba tafi da datti. Na wanke baya, na wanke gaba, na buɗe nan, ciki baƙi-baƙi, na wanke duka da sabulu."

Ashe duk lokacin da muke ciki, tsohon nan yana ta safa tsakanin famfo da bakin lungu da bokiti a ka, cikin ranar nan, yana bin layi yana roƙo a bar shi ya ɗiba don na gawa ne. Ya wanke tayu, ya wanke rumfa, ya buɗe gaba ya sheƙa wa injin ruwa son ransa. Rana ta busar da waje, na ciki ya zauna. Da wani ne, wallahi da sai an riƙe ni. Na buɗe baki, sai na ga ƙafafunsa, duk sun yi fari fat da sabulu da ƙura, na ga idonsa ya kawo ruwa yana duban murfin da ke hannuna bai ma san mene ne ba. Liman ya dafa kafaɗata ya ce, "Sani, yi aikinka." Na koma kan aikina.

Na cire hulata na goge cikin murfin, na goge rota, wato ɗan abin nan da ke juyawa a tsakiya yana raba wuta, na hura, na goge bakin wayoyin ɗaya-ɗaya, na mayar. "Buga, Kawu!" Injin ya yi tari sau ɗaya, salansa ta yi fat, mutane suka ce Allahu Akbar, sai ya mutu. Aka sake, shiru. Na sake ɓalle murfin na ɗaga shi saitin rana. A nan na ga abin da na daɗe da sani na manta: murfin tsoho ne, yana da wata siririyar tsaga kamar gashi. A bushe ba ta hana komai. Amma yanzu ta sha ruwa, wuta na zuwa sai ta bi ta cikinta ta zille. Tsumma ba ya shiga tsaga. Sai zafi, ranar da za ta busar da shi kuwa ta yi ƙasa, ta yi ja, ba ta da sauran ƙarfi.

Na ce, "Wuta nake so. Garwashi."

"Ku ba ni hanya, ku mazan banza, kun tsaya kuna kallo!" Anti Dede ce, ta fito daga lungu da zani ɗaure a ƙirji, ta riƙo murhun gawayinta da tsumma, garwashi jajur, ta sauke tukunyarta ke nan. Ashe tana tsaye a bayan mutane tun ɗazu. Ta dire shi nesa da motar saboda mai, ta tsuguna ta kama fifita. Ta ce da irin Hausarta, "Sani, kawo abin. Baban ka mutumin kirki ne, ba zai tafi firiji daga gida na ba. Yi maza."

Sai dai wannan aiki ba ya yin maza. Murfin nan in ya matsa kusa da wuta ya fashe, ko ya lanƙwashe, shi ke nan an rasa ido garin neman gira, kuma babu wani. Na riƙe shi sama da garwashin, inda hannuna zai iya jurewa, don in hannu ya jure shi ma zai jure. Ina juya shi a hankali. Ban taɓa jin lokaci ya yi mini nauyi kamar nan ba. Kowa ya yi shiru, sai fifitar Anti Dede, fat, fat, fat, da muryar dattawa a bayan mota suna karanta Ƙulhuwallahu ƙasa-ƙasa. Masu wake da shinkafa sun fara fito da teburansu na yamma. Jemagu sun fara wucewa a sama, kuma duk ɗan Ankara ya san me wannan ke nufi, magariba ta gabato. Zuciyata na cewa ya isa, mayar, hannuna na cewa da saura. Kawu Garba ya ce, "Sani, rana fa." Na ce, "Ina ganinta, Kawu." Wani ɗan tururi ya tashi daga tsagar, siriri, ya ɓace. Na ƙara jira har na daina ganinsa, na ƙara kaɗan a kai, yatsuna suna ƙuna.

Na ruga na mayar da shi da ɗuminsa, na danna maƙallai. Ban yarda in sa rai ba sai na gani. Na zare wayar fulogi, kuma don sauri ban riƙe ta ta roba ba, da hannu tsirara na kama bakinta. "Buga!" Wuta ta fizge ni tun daga yatsa har haƙori, na yi baya na buge da murfin gaba. Ban taɓa jin daɗin azaba irin wannan ba. Na cusa wayar a mazauninta na ce, "Sake, Kawu, ka taka totur kaɗan!" Ta yi tari, ta yi gyatsa, ta kama. Hayaƙi ya turnuƙe, unguwa ta ɗauki kabbara. Anti Dede ta ce, "To ku tafi mana, me kuke jira!" Na ture Kawu gefe na kama sitiyari. Ta madubi na ga Liman ya miƙa hannu ya jawo Baba Hima cikin motar, ya zaunar da shi wajen ƙafafun makara.

Yadda na yi tuƙin nan ban sani ba. Ƙafata ba ta bar totur ba ko a mararraba, don tsoron kada ta mutu, hannuna a kan oda, matasa biyu a tsaye a baya suna ɗaga wa motoci hannu suna cewa gawa ce, gawa ce. Duk ramin da na faɗa sai in ce, yi haƙuri Baba. Muna shan kwanar ƙarshe na hango mai gadin ya riga ya jawo ɓangare ɗaya na ƙofar, yaranmu da suka je haƙa sun kewaye shi suna roƙo. Da ya ji odar ya tsaya, ya dube mu, ya dubi sama, ya tura ƙofar ta koma. Ban kashe injin ba, na bar shi yana aiki muka sauke makara muka nufi kabarin da sassarfa.

A bakin kabarin Liman ya ce, "Sani, shiga ka karɓe shi." Na sa ƙafa zan sauka, sai na ga hannayena. Baƙi ƙirin, man inji da toka har gwiwar hannu, yatsu sun tashi saboda wuta. Ga likkafani fari tas, sabon alawayyo, yana ƙamshin turare. Na ja da baya na ce, "Malam, a ba ni ruwa in wanke." Aka duba, ruwan da ke wurin an kwaɓa ƙasa da shi, butar ba ko ɗigo. Haske kuma saura ɗan kaɗan a saman itatuwa. Na ce to Kawu ya shiga. Liman ya ce, "Baƙin mai ba najasa ba ne. Karɓi ubanka."

Na sauka. Suka miƙo mini shi, ban san ya rame haka ba sai da na ji shi a hannuna. Na kwantar da shi a gefen damansa, na fuskantar da shi alƙibla, na sassauta ɗaurin. Da na ɗauke hannu sai ga shatinsu a kan farin, ɗaya a kafaɗa, ɗaya a haƙarƙari, kowane yatsa ya fito sarai. Na kai bakin rigata zan goge, Baba Hima da ke tsugune a sama riƙe da itacen farko ya ce, "Bari, ɗana. Kada wanke." A nan kukan da ban yi ba tun hantsi ya zo mini, ina tsaye cikin kabari. Na karɓi itacen daga hannunsa na jera. Haka muka rufe shi da sauran haske, da hannayena biyu a jikinsa.